Kowace Lamba da Ɗakinta

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin abubuwan da na aikata in goge shi, ba zan daɗe ina tunani ba. Zan koma wata hantsi ta damina, shekara shida da suka wuce, in janye hannuna daga kwamfutar wana, in zauna a kan benci in jira shi ya dawo daga jana'iza kamar yadda ya umarce ni. Rabin awa kawai ya nema, ban ba shi ba. Abu na biyu da zan goge ya fi na farko muni, shi ne shirun da na yi bayan nan. Yau sati uku ke nan da muka kai shi makwancinsa a Tambuwal. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ya huta.

Mu uku muka rage a ɗakin mahaifiyarmu: shi babba, sai ni, sai autarmu da ke aure a Kebbe har mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da 'yan shanu. Autar tana ce masa Babban Yaya don ta bambanta shi da ni, ni kuma ina ce masa Yaya. Ni kuwa Sakatare yake kirana, don tsokana, tun ranar da ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankinmu ta ba ni riƙon littafinta. Ba wani ilimi gare ni ba. Firamare na gama, na iya karatu da rubutu, wannan kaɗai ya sa aka ba ni.

A zaman makoki na ji maganganu iri-iri a kansa. Wani tsohon masinja da suka yi aiki tare ya zauna kusa da ni yana share ido da hannun riga, yana cewa shekara ashirin yana ɗaukar takardun da marigayi ya buga, ba a taɓa dawo masa da ɗaya ba. Wani malamin makaranta daga Sanyinna ya ce su malamai tsoronsa suke ji, don in ka kai masa tambayoyin jarrabawa sai ya fara yi maka gyara kafin ya buga. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shagonsa kuwa kullum da safe sai ya aiko da buta cike, har aka tashi zaman. Akwai kuma waɗanda suka zo daga ƙauyukan Kebbe. Su sun yi addu'a da kyau, amma na ji ɗaya ya rage murya yana ce wa na kusa da shi, "Mutumin kirki na, ban da dai abin nan na takarda." Na sunkuyar da kai ina jan carbi kamar ban ji ba.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida gaishe da mata. Ƙanwarmu tana zaune kusa da matar marigayi, idanunta sun kumbura. Da ta gan ni sai ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Yaya, ka zama shaida. Na yafe ma Babban Yaya, duniya da lahira. Maruƙan nan da sunka mutu, kwanansu na ya ƙare. Ban riƙe shi da komi ba."

Mata suka ɗauka, "Madalla, Allah Shi yi maki albarka." Ban da matar wana. Ta ɗago kai daga cikin mayafin takaba ta dube ni, kallo ɗaya, ta mayar da idonta ƙasa. Na fito ban san yadda na sami takalmana ba. An yafe wa mamaci laifin da bai yi ba, mai laifin kuma yana tsaye, an sa shi shaida.

Kafin in faɗi abin da ya faru, ina so a san ko wane ne shi.

Mai buga tafireta ne a sakatariya har ya yi ritaya. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikinsa da yawa suka ajiye sana'ar, shi kuwa ya tafi Sakkwato ya zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yansa ya koya. Ya dawo ya buɗe ɗan shago kusa da tasha: kwamfuta ɗaya, firinta, ƙaramin janareta, benci, da hatimi mai ɗauke da sunan shagon. Duk takardar da ta fita daga hannunsa sai ya buga mata hatimin nan a ƙasa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "In an ga kuskure, a san ƙofar da za a buga."

Yana da tsinken tsintsiya guda da yake ajiyewa a aljihun gaba. Da shi yake bin rubutu layi-layi a kan gilashin kwamfuta, yana motsa leɓe. Matarsa takan ce tsintsiyarta ba ta tsufa da shara, sai da sata. Shi kuma ya ce, "Ke dai ki yi godiya, tsintsiyarki ta yi karatu fiye da ƙanena." Ni ne ƙanen, ina zaune, sai a yi ta dariya.

In wanda bai iya karatu ba ya kawo a rubuta masa wasiƙa ko takardar shaida, ba ya barinsa ya dangwala yatsa sai ya karanta masa sau biyu. Wata tsohuwa daga Jabo ta taɓa ce masa, "Malam, na yarda da kai, ba ni in tafi." Ya ce, "Inna, yatsanki na za ya hau, ba nawa ba. Zamna ki ji." Ta zauna tana gunaguni. A karatu na biyu ta tsayar da shi, ashe ta manta da sunan jika ɗaya.

Yana da zafi, ba zan ɓoye ba. Wani mai muƙami ya taɓa kawo jawabi, ya ce a cuso shi duka a shafi ɗaya ko da an ƙanƙanta rubutun. Wana ya ce tsofaffin da za a raba wa ba za su gani ba. Mutumin ya ce shi dai a yi abin da ya ce. Wana ya miƙa masa takardunsa ya nuna masa hanya. Wata uku ba sa gaisawa, kuma bai damu ba.

Abin da ya fi yi wa faɗa shi ne kwaso rubutu daga intanet. Mutane kan zo da waya su ce ga shafi, a fitar musu da shi a takarda. Ni da nake yawan zama a shagon na ga yadda yake yi har na ɗauka na iya. Sai ya shafe rubutun da linzamin kwamfuta ya kwafo shi, ya buɗe farin shafin da ake buga rubutu. Amma ba ya manna shi kai tsaye. Akwai wurin da kwamfuta ke ba ka zaɓi: ko rubutun ya zo da tsarinsa yadda yake a can, ko ya zo tsirara, kalmomi kawai. Ya ce in labari ne ko wasiƙa, tsirara ma ya yi, don ya fi tsabta. In kuwa akwai jadawali, ko jerin abubuwa, ko wani gargaɗi da aka sa wa launi, dole a zaɓi mai tsari. Bayan nan ma ba ya yarda. Sai ya ajiye shafukan biyu gefe da gefe, ya ciro tsinkensa. In jadawalin ya wargaje duk da haka, sai ya zana sabo, ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya. In ya ga abin ya fi ƙarfin gyara, sai ya ɗauki hoton shafin yadda yake ya buga.

"Sakatare," yakan ce, "jadawali gida na. Kowace lamba da ɗakinta. In ka rushe bangon, mutanen suna nan, amma ba ka san matar wa ke ɗakin wa ba."

Ni kuma in ce, "Yaya, kai dai ka cika tsawaita aiki."

A daminar da nake magana, tsutsar ciki ta addabi shanun yankin Kebbe. Ƙungiyarmu ta sayo magani da yawa don a raba. Maganin iri biyu ne a kasuwa, suna ɗaya, amma ɗaya mai ƙarfi ne, ɗaya mai sauƙi, kuma awon da ake ɗura wa dabba ya bambanta ƙwarai. Mu mai ƙarfin muka samu. Malamin dabbobi ba zai iya zagaya kowane ƙauye ba, sai ya nuna mini wani shafi a intanet da aka yi da Hausa, ya ce ya duba shi, daidai ne, in buga in raba wa mutane tare da maganin. A shafin akwai jadawali: gefe ɗaya girman dabba, daga ɗan maraƙi har bijimi, sai layi biyu na awo, ɗaya a ƙarƙashin mai ƙarfi, ɗaya a ƙarƙashin mai sauƙi. A gefe kuma akwai jan akwati mai gargaɗi, cewa kada a bai wa maraƙin da ya rame sosai, ko saniyar da ta kusa haihuwa, sai malami ya gani. Shafin ba shi da laifi ko kaɗan.

Na isa shagon da hantsi ranar kasuwar Kebbe da za a yi rabon. Wana ya buɗe shafin ke nan aka zo aka ce maƙwabcinsa ya rasu, ana shirin yi masa sallah. Ya miƙe yana gyara hula.

"Zamna nan. Rabin awa. Kada ka taɓa."

"Yaya, hadari na haɗuwa, mai babur na jirana. In ruwa ya sauka ba mu wuce rafi."

"Na ji. Kada ka taɓa, nic ce."

Yana fita na zauna a kujerarsa. Na shafe, na kwafo, na manna, ban ko lura da zaɓin ba. Abin da ya fito ya ba ni tsoro. Layukan jadawalin sun ɓace. Kalmomin sama sun haɗu a jere, lambobin sun bi juna kamar an zubar da wake a tabarma. A can ƙasa kuma ga tarkace: tallace-tallace, sunayen wasu shafuka, rubuce-rubuce marasa kan gado. Da na koma shafin asali na kwatanta, da na gane. Ban koma ba. Na ce ai na gan shi ɗazu, na tuna. Na riƙa tura lambobi da maɓallin tazara har suka yi kama da layi biyu, na ɗora kalmomin a samansu. A nan na musanya su. Awon mai sauƙi, wanda ya fi yawa, ya koma ƙarƙashin mai ƙarfi. Tarkacen ƙasa kuma na goge shi gaba ɗaya don takardar ta tsaya a shafi ɗaya. Ban san jan akwatin nan ya faɗa cikinsu ba, launinsa ya tafi, ya zama baƙin rubutu kamar sauran.

Na buga da yawa. Har na kai ƙofa sai na dawo na buɗe aljihun tebur, na ɗauki hatiminsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. A raina na ce mutane sun fi yarda da takarda mai hatimin Yaya.

Mun wuce rafi kafin ruwa. Na raba magani da takarda, ana ta sa mini albarka. Ƙanwarmu ta karɓi nata da hannunta, ɗanta babba ya karanta mata, da yammacin nan suka ɗura wa dabbobinsu.

Wana kuwa da ya dawo ya ga abin da na bari a kwamfuta, bai ko zauna ba. Ya yi ta kiran wayata, babu sabis a inda nake. Ya zana jadawalin daidai, ya buga, ya hau babur, dattijo mai ciwon gwiwa. Ruwa ya tare shi a rafi, sai a wani ƙauye ya kwana. Washegari da sassafe ya shiga Kebbe jiƙe da laka, yana bin gida-gida yana cewa, "Takardar da ta fito shagona da kuskure. Ku kawo ta, ga ta gaskiya." Yawancin mutane ba su riga sun yi amfani da ita ba, ya cece su. Gidaje kaɗan ya makara. A gidan ƙanwarmu maruƙa uku sun mutu, saniyarta mai ciki ta yi ɓari, ita ma ba ta ƙara tashi ba. Su ne abin da marayunta suka dogara da shi.

Ni a Kebbe na kwana, don haka ina tsaye a tsakar gidan lokacin da ta fito ta same shi. "Babban Yaya, kai da kaka bin rubutu da tsinke? Ɗiyan wasu kaka yi ma a hankali, ni da nike 'yar'uwarka ka yi man da gaggawa?" Ya dube ni. Ya ba ni lokaci, na san ya ba ni. Na dubi gawar maraƙi. Sai ya ce, "Hatimina na. Ki yi haƙuri."

Me ya hana ni magana? Kunya da son girma. Mutane suna ganina mai ilimi a cikinsu, ana maganar ba ni shugabancin ƙungiya. Na ce bari ƙura ta lafa in faɗa. Da ta lafa na ce tayar da ita ba amfani.

Sau ɗaya muka yi maganar da shi. Na je shagon bayan sati biyu, na tarar ba kowa a benci, alhali a da cike yake da mutanen ƙauye. Na fara kame-kame, ina cewa ai kwamfutar ce ta wargaza abin.

"Kwamfuta ta buɗe aljihun tebur?" ya ce.

Na daina kame-kamen, ya ci gaba.

"Kuskuren jadawali kowa na yi, ni ma na yi. Abin da nika jira shi na ka faɗi da bakinka. Ni ba ni faɗi. In na faɗi, autarmu ta rasa yaya guda ta sake rasa wani. In kai ka faɗi, ta samu dukkanmu."

Na ce masa yana so ya tozarta ni ne. Na faɗi maganganun da ba zan rubuta ba. Ya juya ga aikinsa, ya ce, "Sakatare, ja man ƙofa in ka fita."

Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya. Bai canza mini fuska ba. Da na kwanta ciwo shi ya yi jinyata. Ya aika wa ƙanwarmu karsana daga cikin 'yan dabbobinsa, ta mayar da ita. Da sallah yakan je Kebbe, ta gaishe shi daga bayan ƙofa kamar baƙo, ya sha ruwa ya dawo. Bikin 'yarta ma a bakin mutane ya ji. Duk wannan a gabana aka yi. Na sami shugabancin da nake so. Tun daga ranar nan kuma hatiminsa ya bar aljihun tebur ya koma aljihun rigarsa, tare da tsinke.

Bayan addu'ar bakwai matarsa ta aika a kira ni. Da can ni da ita ba ma haɗuwa sai da tsokana, tana ce mini mijin wahala, ina ce mata ta tsufa. Ranar nan babu wasa. Ta turo mini wata ambulan ta kan tabarma.

"Ya ce in ba ka in ya riga ka. Bai ce ka yi komi da ita ba."

Takardu biyu ne a ciki, an haɗa su da allura. Ɗaya tawa, mai lambobi a karkace. Ɗaya tasa, kowace lamba a ɗakinta, da gargaɗin a cikin akwati. Dukansu da hatiminsa. Bai rubuta ko kalma ɗaya a kai ba.

Washegari na hau babur zuwa Kebbe. Na sami ƙanwarmu tana tankaɗe. Na ajiye takardun a gabanta na faɗa mata komai, tun daga kujera har hatimi. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ajiye rariya.

"Shina tsaye nan," ta ce, ta nuna wurin, "da laka har gwiwa. Kai kana can."

Na ce haka ne.

"Shanu an haifi wasu, Yaya. Shekara shida fa? Wa za ya maido man su? Ya zo da sallah ina ba shi ruwa ta bayan ƙofa." Sai kuka ya ƙwace mata. "Kuma ka bar ni na tashi gaban mata ina yafe mashi. Ni! Ni da ya kamata in durƙusa."

Na roƙe ta gafara. Ta ce ba yanzu ba. Ta ce ba a ɗakinta aka ɓata sunansa ba, a kasuwa aka ɓata shi, don haka a can zan gyara. Ranar kasuwa na tsaya a inda na raba takardun nan na faɗa wa jama'a. Wasu suka yi salati, wasu suka tashi suka bar wurin. Na ajiye shugabancin. Wannan rubutu kuma na yi shi don waɗanda ba su je kasuwar ba, da 'ya'yansa da jikokinsa, su san mahaifinsu bai taɓa fitar da takarda ba tare da ya bi ta da tsinke ba. Har yau ƙanwata ba ta ce ta yafe ba. Jiya dai ta aiko a tambaye ni inda kabarinsa yake daidai, tana so ɗanta ya je ya yi masa addu'a a madadinta.

Ku da kuka karanta, ina roƙonku abu biyu. In kun kwaso rubutu daga intanet za ku sa a takarda, musamman mai jadawali ko gargaɗi, ku kawo shi da tsarinsa, ku ajiye shi kusa da na asali ku bi shi layi-layi, kada ku goge abin da ba ku karanta ba, kada kuma ku sa hatimin wani a kan aikinku. In kuwa kun riga kun yi kuskure wani ya ɗauka dominku, ku faɗa tun yana iya jin ku. Ni na faɗa a kasuwa, gaban kowa, amma mutum ɗaya da ya jira shekara shida ya ji ba ya cikinsu. Don Allah kada ku yi yadda na yi. Wanda ya karanta kuma ya sa wana a addu'a.